Hoton ƙwaƙwalwa da batun raba ciwon damuwa da ciwon baifola

A zagayen da muke yi a unguwannin Aboabo da Asawase na birnin Kumasi a Ghana, sau da yawa iyalan marar lafiya suna tambayarmu dalilin da ya sa ba za a ɗauki hoton kansa ba, a ga ciwon ƙuru-ƙuru kamar yadda ake ganin karaya. Tambayar tana da tushe, domin akwai cututtuka biyu da suke rikita har likitoci. Na farko shi ne ciwon damuwa mai tsanani. Na biyu shi ne baifola, wanda mai shi yakan faɗa cikin irin wannan damuwar, sannan a wani lokacin ya shiga zumuɗi da rawar kai fiye da kima. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 280 ne ke fama da na farkon, miliyan 40 kuma da na biyun.

Matsalar ita ce mai baifola yakan zo asibiti ne a lokacin da jikinsa ya mutu, ya daina cin abinci, ya ƙaurace wa mutane, kuma a wannan hali kamanninsa ɗaya ne da mai ciwon damuwa. Idan aka ba shi maganin damuwa shi kaɗai, yana iya tayar masa da zumuɗin, alhali abin da yake bukata shi ne maganin daidaita yanayi irin su litiyam.

Wannan ne ya sa masu bincike suka duƙufa a kan na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki har da ƙwaƙwalwa. Sun duba wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala, wanda yake da hannu a tsoro da motsin rai, suka ga cewa idan aka nuna hotunan fuskoki masu fara'a da masu baƙin ciki, martaninsa yakan bambanta tsakanin rukunonin biyu. Haka kuma gamayyar masana ta ENIGMA, wadda ta haɗa hotunan mutum fiye da 6,000, ta gano cewa ɓawon ƙwaƙwalwa ya ɗan fi siranta a masu baifola idan aka kwatanta da masu lafiya. Sai dai bambancin yana fitowa ne idan an tara jama'a da yawa an auna. Hoton mutum ɗaya bai isa a yanke hukunci da shi ba, a Kumasi ne ko a Jamus. Likita yakan nemi hoton ne idan yana zargin ƙari a kai, ko shanyewar ɓarin jiki, ko rauni.

Saboda haka, kada a sayar da kadara don neman hoton da likita bai nema ba. Abin da ya fi taimaka wa likita shi ne labarin da iyali za su bayar, kuma a nan ne muka fi yin sakaci, domin kwanakin zumuɗi mukan ɗauke su a matsayin samun sauƙi, ko mu jingina su ga iska. Idan ɗan'uwanku ya taɓa yin kwanaki yana barcin awa biyu ko uku ba tare da gajiya ba, yana zuba magana ba a iya katse shi, ko ya kwashe jarinsa na kasuwar Kejetia ya rabar cikin mako guda, to a faɗa wa likita, ko da shekaru biyar ne da faruwar abin. A kuma ambata idan akwai mai irin wannan lalura a dangi, domin baifola yana bin jini.

Asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Ranar zuwa, a tafi da wanda ya daɗe yana zaune da marar lafiyan, a kuma riƙo kwalayen duk magungunan da ya taɓa sha.