Sirrin majinyaci: na wa ne, kuma ina iyakarsa?

Kwanan nan duk inda ka juya a Accra sai ka ji kalmar "sirri". Mai tallan maganin gargajiya a rediyo yana alkawarinta, mai ba ma'aurata shawara a TikTok yana alkawarinta, asibitocin kuɗi masu duba lafiyar ƙwaƙwalwa su ma sun bi sahu. Tun da majalisar dokokin Ghana ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka a 2023, mutanen zango suka ɗan saki jiki da maganar ciwon damuwa, kalmar kuwa ta zama gishirin kowane talla. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda masu gabatar da shiri ke fassara ta da "likita zai rufa muku asiri". Muku? Ku wa?

Sirri da asiri tushensu ɗaya ne a Larabci, amma a bakinmu sun daɗe da raba hanya. Rufin asiri na gida ne. Idan yaro a unguwar Nima ko Mamobi ya fara magana shi kaɗai, uwa ta sani, gwaggo ta sani, kawu ya sani, malamin da ke rubutun sha ma ya sani, maƙwabci ne kawai ake ɓoye wa. Shi ya sa mai ɗan hali yake gudun a gan shi a ƙofar asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnati da ke Adabraka, wanda aka buɗe tun 1906, har unguwar Asylum Down ta samo sunanta daga gare shi. Sai ya nufi asibitin kuɗi don kare sunan gida.

To amma takardar da ake miƙa wa sabon majinyaci a can ba ta san gida ba. Mutum ɗaya ta sani. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012, mai lamba 846, ta ɗora haƙƙin sirri a kan majinyacin ne, kuma wanda ya cika shekara 18 babba ne a idon doka, ko da mahaifinsa ke ciyar da shi. A nan ake samun rigima.

Ɗauki misalin Alhaji da ya kai ɗan ƙanensa mai shekara 26. Shi ya yi waya, shi ya tura kuɗin ganin likita ta momo (asusun kuɗi na waya), shi ya tuƙo mota. An shiga da yaron, an bar Alhaji a waje kusan awa guda, don zaman farko ya fi sauran tsawo. Da aka fito ya ce, "Likita, me ke damun ɗan nan nawa?" Likita ya ce sai ya nemi izinin yaron tukuna. Alhaji ya ga raini ne tsagwaronsa, ni kuwa ina ganin wannan jiran shi ne mafi tsadar abin da kuɗinsa ya saya. A zaman farko ana tambayar barci, cin abinci, aure, bashi, tiramadol, wiwi, har da ko mutum ya taɓa tunanin kashe kansa. Wane saurayi ne zai amsa waɗannan da gaskiya idan ya san kafin magariba kawunsa zai ji? Zai ce ciwon kai ne kawai, a rubuta masa maganin da bai dace da shi ba. Likita yana iya sauraron duk abin da Alhaji ya gani a gida, yana ma buƙatar jinsa. Bayanin da ke fita daga ɗakin ne yake neman izini.

Haka abin yake ga dangin amarya da ke binciken ango, da maigidan aiki. Takardar hutun rashin lafiya tana iya cewa wane ba zai iya aiki ba na mako biyu, ba tare da ta faɗi sunan ciwon ba. Masu binciken aure kuwa, ko cewa "eh, yana zuwa nan" bai kamata su samu ba.

Akwai wani kuskuren da ya fi haɗari, kuma shi masu talla suka fi yaɗawa: wai abin da ka faɗa ba zai taɓa fita ba ko sama da ƙasa za su haɗu. Likitan kirki ba ya wannan alkawari, tun ranar farko yake gaya maka inda ya tsaya. Idan ranka ko na wani yana cikin haɗari, idan ana cutar da yaro, ko kotu ta nemi bayani, zai yi magana. A Amurka a 1969 wani ɗalibi a Kalifoniya ya gaya wa mai duba shi cewa zai kashe wata budurwa, Tatiana Tarasoff. An sanar da 'yan sandan jami'a, amma ba wanda ya gaya mata ko iyayenta, ya kuwa kashe ta. A 1976 kotun ƙolin jihar ta ce mai duba majinyaci yana da nauyin kare wanda ake yi wa barazana. Hukuncin ba dokar Ghana ba ne, amma ana koyar da shi ga masu wannan aiki a ƙasashe da yawa.

Sauran ƙa'idodin takardar ba su da wuyar ganewa: ka zo a kan lokaci, idan ba za ka zo ba ka sanar da wuri don wasu asibitocin suna cajin zaman da aka fasa, ka zo da duk maganin da kake sha har na gargajiya, kada ka mai da WhatsApp ɗin likita ɗakin gaggawa. Layin da na fi so mutane su tsaya a kansa shi ne wanda ke tambayar wa za a kira idan ta ɓaci. Yawancinmu sunan babban gida muke rubutawa don kunya, alhali ana iya rubuta ƙanwa, ko aboki, ko matar aure, a kuma faɗa wa likita iya abin da aka yarda a gaya musu: lokacin shan magani kawai, ko har da sunan ciwon. Idan ra'ayi ya canja, majinyaci yana da ikon janye sunan a zama na gaba.