Haƙar ma'adinai: me ake tona, ta yaya, kuma wa zai cike ramin?

Ma'adini ba dutse ba ne kawai?

Dutse ne ko yashi, amma mai ɗauke da ƙarfen da in an tace za a ci riba. Maƙeran da sun san tama, wadda suke narkewa su fitar da baƙin ƙarfe. Jos ta yi suna da kuza, Itakpe a Kogi da tama, Zamfara da zinare, Arlit ta Nijar kuma da yuraniyom.

Ta yaya ake haƙo su?

Zurfin abin ne ke yanke hukunci. In yana kusa da sama, sai a yaye ƙasa a buɗe makeken rami, kamar yadda kamfanin Somaïr mai haƙar yuraniyom ya fara yi a Arlit a 1971. In ya yi nisa, a bi shi ta ƙarƙashin ƙasa, irin mahaƙar kamfanin Cominak ta kusa da Arlit da aka rufe a 2021.

Kuzar Jos dabam take. A cikin yashin tsofaffin magudanan ruwa take kwance, don haka wanki ake mata. Ta fi yashi nauyi: a zuba a kwarya ana jujjuyawa cikin ruwa, yashin ya tafi, baƙin gari ya kwanta a gindi. Kamfanonin Turawa da suka fara aiki a farkon ƙarni na 20 wannan dabarar suka bi, sai dai da manyan injuna.

Tafkunan da ke kewayen Bukuru da Barikin Ladi fa?

Yawancinsu ramukan kuza ne da ruwa ya cika. 'Yan lambu na ban-ruwan tumatir da kabeji da su a rani, gaskiya ne, amma gaɓarsu a tsaye take, ga zurfi, kuma suna cin mutane da dabbobi.

To, yaya ake gyara ƙasar da aka tona?

Tun ranar farko ake fara gyara. Ƙasar sama, wadda shuka ke ci, ita ake fara kwashewa a ajiye gefe guda. In an gama, a mayar da tsakuwa da turɓayar ƙasa cikin rami, a baje, a shimfiɗa ta saman, sannan a shuka ciyawa da itatuwa. In aka bari ta cakuɗe da ta ƙasa, shi ke nan, gona ta tafi. Abin da ya faru a wurare da yawa na Jos ke nan. Da aka zo gyara daga baya, itacen turare aka daddasa, wanda ya riƙe ƙasar amma bai mayar wa manomi gonarsa ba. Dokar ma'adinai ta Najeriya ta 2007 ta ɗora gyaran a wuyan mai haƙa. A ganina, kamata ya yi a karɓi kuɗin gyaran tun kafin a sa diga a ƙasa.

Idan guba ce ta ɓata ƙasar?

Nan cike rami ba ya isa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum na Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinare mai ɗauke da dalma a cikin gari, ƙurar na sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Sai da aka bi gida-gida ana kankare ƙasar sama, a kai ta rami a binne, a kawo sabuwa a zuba. A lokacin, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ba sa fara ba yaro magani sai an share gidansu, don kada ya koma cikin gubar. Garin Bagega bai samu wannan shara ba sai 2013.