Fulutoniyam a Lakar Ƙasan Teku

Fulutoniyam ƙarfe ne mai nauyi da ke fitar da tururin nukiliya, shi ne na 94 a jerin sinadarai, kuma kusan duk wanda ake samu a doron ƙasa ɗan Adam ne ya ƙera shi. Nau'insa mai lamba 239, wanda ake haɗa bam da shi, sai ya shekara kimanin 24,100 kafin rabinsa ya lalace, don haka abin da ya shiga teku zai daɗe a cikinta fiye da duk tarihin da mutum ya rubuta.

Babban tushen wanda ke cikin teku shi ne gwaje-gwajen bam na nukiliya sama da 500 da aka yi a sararin sama daga 1945 zuwa 1980. Ƙurarsu ta hau sama ta kewaye duniya, ruwan sama ya riƙa sauko da ita, kuma da yake teku ta fi tudu faɗi, ita ta kwashi kaso mafi yawa. Amurka kaɗai ta tayar da bama-bamai 67 a tsibiran Bikini da Enewetak da ke tekun Pasifik tsakanin 1946 da 1958. Akwai kuma tauraron ɗan Adam ɗauke da na'urar SNAP-9A, mai samar da lantarki daga fulutoniyam, da ya ƙone a sama a 1964, da gurɓataccen ruwan masana'antar Sellafield ta Ingila, da gangunan sharar nukiliya da aka yi ta zubarwa a teku har aka haramta a 1993.

Saukarsa ƙasa kuwa a hankali take. Fulutoniyam yana manne wa ƙurar yumɓu da gawarwakin ƙananan halittun ruwa da kashinsu, waɗannan su dunƙule su riƙa nitsewa kamar tsakin gero a randa har su kwanta a zurfin kilomita 4 ko 5. A can, inda laka ba ta ƙaruwa sai 'yan milimita a shekara 1,000, tsutsotsi suna cuɗa shi da lakar da ke ƙarƙashi. Masana kan tura bututu su ciro laka, su yanka ta falle-falle, su auna yawan nau'in 240 a kan na 239. Idan ma'aunin ya kai kusan 0.18, ƙurar da ta game duniya ce. Idan ya kai wajen 0.3, daga gwaje-gwajen Bikini ya fito.

Mutanen Gana ba baƙin wannan magana ba ne. Da Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane cikin saharar Aljeriya ranar 13 ga Fabrairu 1960, a lokacin hunturu, gwamnatin Kwame Nkrumah ta ƙulle kadarorin Faransa da ke ƙasar, kuma a 1962 Akra ta karɓi taron neman duniya marar bam. Fargabar tana da dalili, domin ƙurar sahara da ke lulluɓe rufin kwano a unguwar Nima ta Akra iska ce ke wucewa da ita har tekun Atlantika.

Adadin da ke cikin lakar zurfin teku kaɗan ne ƙwarai, bai kai ya tayar da hankalin mai sayen kifi a Tema, garin gaɓar tekun Gana, ba. Haɗarin ya fi yawa a gaɓar da ke kusa da wuraren gwaji da masana'antu, inda guguwa da ragar jiragen kamun kifi ke tayar da laka, kawa da sauran masu ɓawo su tace ta su tara shi a jikinsu.