Ma'aikatan Lafiyar Al'umma a Najeriya

Ma'aikatan lafiyar al'umma jami'ai ne da ake horarwa musamman domin riƙe ƙananan asibitoci da ɗakunan shan magani na matakin farko, alhali su ba likitoci ba ne, ba kuma nas-nas ba. A ƙauyuka da dama su kaɗai ne ma'aikatan lafiya da mutum zai iya gani ba tare da ya shiga mota ba, shi ya sa jama'a kan kira su "likita" ko "malamin asibiti".

Tarihi

Aikin ya samo asali ne tun zamanin En'e, lokacin da ake ɗaukar samari a koya musu wankin gyambo da rabon magani, sannan a tura su ɗakunan shan magani na gundumomi. Makarantar koyon tsafta ta Kano, wadda aka buɗe a wajejen farkon shekarun 1930, ita ce ta riƙa yaye duba-gari. A shirin raya ƙasa na uku, daga 1975 zuwa 1980, gwamnati ta ƙuduri aniyar kai asibiti karkara, jihohi kuma suka shiga kafa makarantun fasahar kiwon lafiya, sai dai gine-gine ne suka lashe mafi yawan kuɗin.

Taron lafiya na duniya da aka yi a birnin Alma-Ata a watan Satumban 1978, inda ƙasashen duniya suka ɗauki alkawarin samar da lafiya ga kowa nan da shekarar 2000, ya ƙara wa wannan tunani ƙarfi. Amma wanda ya tsaya tsayin daka a kansa shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara da ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992. A 1986 ya zaɓi ƙananan hukumomi 52 a matsayin zakaran gwajin dafi, a 1988 aka ƙaddamar da manufar lafiya ta ƙasa wadda ta ɗora komai a kan matakin farko, aka kuma damƙa wa ƙananan hukumomi ragamarsa. A lokacin ne ma'aikatan suka bazu gida-gida suna awon nauyin jarirai, suna nuna wa iyaye mata yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari idan yaro na gudawa. Hukumar raya lafiya a matakin farko ta ƙasa da hukumar yi wa ma'aikatan rajista duk an kafa su ne a 1992.

Horo

Ƙaramin ma'aikaci kan yi shekara biyu a makaranta, na gaba da shi, wanda aka fi sani da CHEW, shekara uku, babban jami'in kuwa sai ya ƙaro karatu a asibitin koyarwa. Dukkansu suna aiki da littafin ƙa'idoji da ke fayyace cutar da za su yi wa magani da wadda dole su tura gaba. An tsara su shafe galibin lokacinsu a cikin unguwanni, amma ƙarancin ma'aikata ya sa yawancinsu sun tare a asibiti.

Makoma

Manufar raba nauyin aiki ta 2014 ta ba waɗanda suka sami ƙarin horo damar karɓar haihuwa da sanya ashanar tazarar haihuwa, lamarin da har yanzu ake ja-in-ja a kansa tsakanin ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya. Dokar lafiya ta ƙasa, ita ma ta 2014, ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga wani asusu na musamman, kashi 10 cikin 100 nasa kuma domin horar da ma'aikatan matakin farko. Bayan Muhammad Ali Pate ya zama ministan lafiya a 2023, gwamnati ta sanar da shirin sake horar da ma'aikata 120,000. Abin da ya rage shi ne ɗaukar waɗanda makarantu ke yayewa, domin da yawansu na aikin sa-kai ne a asibitocin ƙananan hukumomi, shekara da shekaru ba albashi.