Kan Ungulu Ba Zai Buɗe Maka Kasuwa Ba

Na daɗe ina aikin duba lafiyar dabbobi a yankin Agege da ke Legas, kuma tsofaffin mahauta sukan nuna mini rufin da ungulaye suke jeruwa a kai da hantsi, suna jiran abin da za a zubar daga kwata. Rufin yana nan, amma ungulu babu. Inda nake ganin ta yanzu shi ne layin masu kayan maganin gargajiya, busassun kawunanta a jere a kan buhu kusa da fatu da ƙahonni, kuma cikin masu tsugunawa suna tayawa har da 'yan uwanmu da ke nema a Mile 12 da Alaba Rago.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne amsar da nake samu kullum: "Malam, ai ba ni na kashe ta ba, saye kawai na yi." Haba ɗan uwa! Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mafarauci ba zai wahalar da kansa a kan tsuntsun da ba a ci ba sai don ya san kana jira da kuɗi a hannu. Sau da yawa ma da guba ake kama ta, a barbaɗa maganin ƙwari a mushe, ungulaye su sauka su mutu a tare, sannan kai ka karɓi wannan kan a turara maka ko a daka maka ka sha don neman sa'a. Ungulu kuwa ƙwai ɗaya tak take sakawa a lokacin haihuwarta, shi ya sa ba ta saurin mayar da gurbin waɗanda aka kashe, kuma tun 2015 aka sanya irin wadda muka saba gani a kwata cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Kai da ka saya, da hannunka a ciki.

A Indiya, maganin shanu mai suna diclofenac ya hallaka fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu nau'o'in ungulu, ta hanyar cin mushen shanun da aka ba shi, kafin a hana ba dabbobi shi a 2006. Mushe ya rasa mai kwashewa, karnukan titi suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru.

Na san yawancin masu saye ba mugaye ba ne, damuwa ce ta kai su, kasuwa ta tsaya ko yaro ba lafiya. Kuma masu nazarin halayyar ɗan Adam sun lura cewa allon gargaɗi kaɗai ba kasafai yake raba mutum da al'ada ba. Yakan bari ne idan wanda yake jin kunyarsa ya yi magana, ya ga abokan zamansa sun bari, aka kuma ba shi madadi. Shi ya sa Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, wadda hedikwatarta ke Lekki, ta zauna da masu maganin gargajiya don su koma ga saiwoyi da ganyaye.

Saboda haka ina roƙon limamanmu da sarakunan Hausawa da shugabannin mahauta su faɗi wannan magana da bakinsu, a huɗuba da wurin taro. Ku kuma, kada ku saya, kada ku yi wa wani dillanci. Mai magani ya ce a kawo kan ungulu, ku tambaye shi madadi. Mara lafiya a kai shi asibiti. Dabbar da ta mutu a binne ta, kada a zuba mata guba don karnuka.