Tambayoyi da amsoshi: kafa mazaunin soket a jikin akwatin caji da na sola

Duk ƙauyen da ka shiga a yankin Gumel, Ringim ko Kazaure, da wuya ka rasa mai cajin waya a bakin kasuwa: faifan sola a kan rufin kwano, batir a ƙarƙashin tebur, ga akwati mai jerin soket. Haɗa irin akwatunan nan da gyaransu shi ne sana'ata. Mafi yawan waɗanda ake kawo mini, kayan cikinsu lafiya lau suke. Soket ne ya saki, ya faɗa ciki, ya tsinke wayar wuta. Ga tambayoyin da yaran shago da masu caji suka fi yi mini.

Oga, mene ne amfanin biraket, tunda waya tana riƙe da soket ɗin?

Aikin waya ɗaukar wuta, riƙo kuwa aikin biraket ne, wato ɗan ƙarfe ko roba mai kunnuwa biyu da ake ɗaure soket da shi a bangon akwati. Duk sanda aka cusa caja ko aka zare ta, akwai ƙarfin da ke tura soket ciki ko ya jawo shi waje. In akwai biraket, bangon akwati ne ke shanye wannan ƙarfin. In babu, sai ya sauka a kan dalmar da aka liƙe waya da ita, ita kuwa dalma ba ta jure motsi. Za ta tsage a hankali yadda ido ba ya gani, sai ka ji mai caji yana cewa sai ya karkata kan caja kafin wuta ta shiga. Wurin da ya tsage yana ɗaukar zafi, daga nan roba ta fara narkewa.

Malam, in na zuba masa gam ba zai zauna ba?

Zai zauna har zuwa bazara. Gam ɗin kyandir da ake narkawa da ƙaramar bindiga yana laushi da zafi, kuma a watan Afrilu zafin yankinmu kan wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin rufaffen akwati a ƙarƙashin kwano. Sufa gulu kuma bushewa yake yi ya ƙandare, jijjiga kaɗan ta fasa shi.

Akwai dalilin da ya fi wannan. Babban ramin USB irin na da, an ƙera shi ne ya jure cusawa da zarewa sau 1,500, na USB-C kuma sau 10,000. Ramin da ake cusa wa caja sau 10 a rana, cikin wata 5 ya cinye 1,500 ɗinsa. Ke nan soket abin canzawa ne. Wanda aka ɗaure da noti, minti kaɗan ka kwance shi ka sa sabo, wanda aka liƙe kuwa sai ka ɓalle bangon akwati. Shi ya sa nake ce wa masu caji su bar kebul a cushe ta gefen akwati, su riƙa zarewa ta gefen wayar salula kawai.

Yaya zan huda akwati ba tare da na ɓata shi ba?

A nan yara suka fi gaggawa, kuma ramin da aka huda ba ya komawa. Fara da kwali. Ɗora biraket a kan kwalin, ka zana babban ramin da ramukan noti, ka yanke. Manna salatif a jikin akwati, ka ɗora kwalin, ka zana a kan salatif ɗin. Kafin ka taɓa injin huji, buɗe akwatin ka leƙa ciki: shin bayan soket da lanƙwasar wayarsa za su sami wuri? Murfi zai rufu? Na taɓa huda akwati mai kyau, layi ya miƙe sak, sai da na zo rufewa na ga soket na ƙarshe ya tokare da ginshiƙin notin murfi. Laifina ne, ban auna ciki ba.

Ɗan dangwala tsakiyar kowane rami da ƙusa don kada bakin huji ya zame. Fara da siririn baki, sannan ka faɗaɗa. A roba, tafi a hankali, don gudu yana narkar da ita ko ya tsaga ta. In ramin mai kusurwa huɗu ne, huda ƙananan ramuka a cikin layin, ka ɓalle tsakiya, ka ƙarasa da magagari. Wanda ba shi da inji yakan huda roba da ƙusa mai zafi. Yana yi, amma a huda ƙarami a gyara da magagari, a kankare tudun da narkakkiyar roba ta bari, in ba haka ba biraket ba zai kwanta ba.

In akwatin ƙarfe ne, cire allon lantarki da duk kayan ciki tukuna. Ɓarɓashin ƙarfe guda ɗaya in ya maƙale tsakanin ƙafafun allo, ya isa ya ƙone shi ranar da aka kunna.

Wane noti zan saya?

Ƙananan biraket yawanci M3 suke ci, wato mai kaurin milimita 3, raminsa milimita 3.2 zuwa 3.5. Sayi mai uwa da wosha a Sabon Gari in ka shiga Kano, ka sa wosha ta ciki don ta baza nauyi. Notin da ke yanka wa kansa hanya a roba, in aka kwance shi sau biyu ko uku ramin ya lalace. Akwatin da ake ɗora wa babur zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ko ta Wudil ranar Juma'a yana shan jijjigar hanya, don haka a sa masa wosha mai tsaga ko uwar noti mai roba a ciki. A ɗaure noti biyun bi da bi, kuma a tsaya da zarar ya kama.

Ta wane gefe ya fi kyau a kafa soket?

Ta gefe ko ta ƙasa. Wanda ya kalli sama, ƙurar hunturu za ta cika shi, ruwan damina mai ɗigowa daga kwano ma cikinsa zai nufa. Wayar da ta sauko daga faifan sola a bar mata ɗan lanƙwasa ƙasa da ramin shigarta, don ruwa ya ɗiga a waje. Inda ta shiga akwati a sa giland, wato robar nan mai murɗi da ke matse waya. Mai lamba PG7 raminsa kusan milimita 12.5 ne, yana ɗaukar waya mai kaurin milimita 3 zuwa 6.5. In an rubuta IP65 a jikin akwati, 6 na nufin ƙura ba ta shiga, 5 na nufin yana jure feshin ruwa, amma da ka huda shi wannan alkawari ya dogara ga yadda ka rufe ramin. Yankan tsohuwar tif ɗin keke a ƙarƙashin biraket yana taimakawa. Ramin da aka huda bisa kuskure a toshe shi, don zanzaro da kyankyaso ba sa wuce rami.

Akwatin ƙarfe zai iya jan mutum?

Ƙwarai kuwa, in akwai wutar inbata ko ta janareta a ciki, mai ƙarfin bolt 230. Kaifin bakin rami yana cin rigar waya har tagulla ta taɓa ƙarfe, sai jikin akwatin duka ya ɗauki wuta, ga yara suna dafa shi. Dole a goge kaifin ramin, a sa masa zoben roba, a haɗa jikin akwatin da wayar ƙasa, wato wayar da ke kai wutar da ta zille cikin ƙasa, a kan noti nata na kanta, bayan an kankare fenti a wurin. A raba soket ɗin 230 da na batir mai bolt 12, kowa da gefensa. Batir ba ya jan mutum, amma in wayoyinsa biyu suka haɗu ta jikin biraket, nan take waya za ta yi ja ta kama da wuta. Don haka a sa fiyus kusa da kan batir mai alamar tarawa, kuma a cire kan batir kafin a sa sifana cikin akwati.