Koyar da kasuwanci ga yara da matasa a makaranta

Koyar da kasuwanci ga yara da matasa a makaranta wani reshe ne na ilimi da ake nuna wa ɗalibi, tun daga firamare har ƙarshen sakandare, yadda ake hango buƙatar mutane, a haɗa jari, a yi kaya ko a saro, a sayar, sannan a zauna a lissafa ko an ci riba ko an faɗi. Ana yawan haɗa shi da koyon sana'ar hannu amma ba ɗaya ba ne, don yaro zai iya ƙwarewa a ɗinki tsaf kuma bai san yadda zai yanke wa riga farashi ba, ko yadda zai ware uwar kuɗi daga riba. Wannan ɓangare na biyun shi ne ainihin abin da darasin yake nufi.

Kafin zuwan aji

A ƙasar Hausa wannan karatu ya daɗe, sai dai ba a aji ake yinsa ba. Yaro yakan tashi a sana'ar gidansu, ɗan maƙeri a maƙera yana zuga, ɗan marini a bakin karofi irin na Ƙofar Mata a Kano, ɗan fatake kuma a bi da shi hanyar Gwanja sayo goro tun yana ƙarami. Wanda babu sana'a a gidansu akan kai shi wurin ubangida a kasuwa ya zama yaron shago, ya fara da shara da aike da kasa kaya, a hankali a bar masa aljihun kuɗi, in ya shekara da shekaru an gamsu da amanarsa sai ubangida ya sallame shi da jari ko ya ba shi kaya bashi ya buɗe nasa. Har yau haka ake yi a Kantin Kwari da Kurmi da Singa. Inyamurai ma suna da irin wannan tsari wanda ya yi suna sosai a kasuwannin Onica da Aba.

Abin da yaron shago yake koya da wuya a rubuta shi a allo. Yana ganin yadda mai saye yake tayawa ubangida ya ce albarka, a ƙara, a ja, har a kai inda za a ce an sallama, yana ganin wanda ake ba bashi da wanda ake ba haƙuri, da lokacin da ake yin gyara don mutum ya dawo gobe, da nawa ne la'adar dillali. Yarinya mai talla ita ma da yamma sai ta zube ciniki gaban uwarta a ƙirga tare, a cire kuɗin wake da mai da itace, abin da ya rage shi ne riba, wani a jefa asusu wani a zuba adashi. Almajirai da yawa sun haɗa karatun allo da ɗinkin hula da yankan farce da wanki da guga.

Makarantar boko ta farko da gwamnatin Turawa ta buɗe a Arewa, wato ta Hanns Vischer da ake kira Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano wajen 1909, tana da sashen sana'a inda ake koyar da irin su dukanci da ƙira da sassaƙa. Sana'ar aka fi ba ƙarfi a can, maganar ciniki an bar wa kasuwa.

Yadda ya shiga makarantu

Galibi ana danganta farkon tsarin na zamani da ƙungiyar Junior Achievement ta Amurka, wadda aka kafa a garin Springfield na jihar Massachusetts a 1919, ko da yake wasu suna mai da asalinta zuwa tarukan da aka yi ƴan shekaru kafin nan. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Horace Moses mai kamfanin takarda da Theodore Vail shugaban kamfanin tarho na AT&T. Damuwarsu a lokacin ita ce yaran karkara suna ta kwararowa birni aikin masana'antu ba su san komai game da kasuwanci ba. Da farko bayan an tashi makaranta ake haɗuwa, sai a tsakiyar shekarun 1970 ƙungiyar ta fara shiga cikin aji sosai. A Ingila, Walter Salomon, wani ma'aikacin banki da ya ga tsarin a Amurka, ya kafa Young Enterprise a farkon shekarun 1960.

A Afirka abin ya biyo ta wata hanya daban. A 1967 Julius Nyerere na Tanzaniya ya fito da manufar ilimi don dogaro da kai, inda aka so kowace makaranta ta zama tana da gona ko wurin sana'a da zai riƙa kawo wani abu na ɗawainiyarta. Shi kam ba ƴan kasuwa yake son fitarwa ba, manoman ƙauyukan gurguzu yake nufi, amma tunanin cewa ɗalibi ya samar da abu mai daraja da hannunsa tun yana makaranta ya bazu daga nan. Daga baya Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da tata manhajar koyar da kasuwanci don makarantun sakandare da na koyon sana'a a ƙasashe masu tasowa. Tarayyar Turai kuma ta fitar da jadawalin ƙwarewa 15 na kasuwanci a 2016.

A Nijeriya

Tsarin karatu na 6-3-3-4, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a, da aka fara aiwatarwa a farkon shekarun 1980 ya kawo darussan fasaha da na kasuwanci a ƙaramar sakandare, gwamnati ta shigo da injuna daga waje, kuma sananne ne cewa da yawansu sun ruɓe a cikin akwatuna saboda babu wuta babu malamin da ya iya su. Junior Achievement ta buɗe reshenta na Nijeriya a 1999. A 2011 hukumar tsara manhaja ta NERDC ta fara sabuwar manhajar babbar sakandare mai sana'o'i 34, dole kowane ɗalibi ya ɗauki ɗaya, akwai ɗinki, kiwon kifi, kiwon dabbobi, girki, gyaran waya, rini, aikin fata, ɗaukar hoto da sauransu, kuma rukunin farko sun rubuta su a jarabawar WAEC ta 2014. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage yawan sana'o'in zuwa shida.

Matsalar da malamai da iyaye suka fi kuka da ita ita ce rashin kayan aiki. Makarantu da dama sukan zaɓi darasin da za a iya yi da alli kawai, sai ka ga ɗalibi ya ci jarabawar kiwon kifi bai taɓa tsayawa bakin kududdufin kifi ba, alhali ƙaninsa da ke zama shagon kawunsa bayan la'asar ya fi shi sanin sari da canji nesa ba kusa ba.

Hanyoyin koyarwa

Hanyar da ta fi shahara ita ce ƙaramin kamfani na ɗalibai. Ƴan aji su haɗu su goma ko sha biyar, su zaɓi shugaba da ma'aji da mai kula da talla, su sayar da hannun jari ga iyaye da malamai da kuɗi kaɗan, su yi wani abu kamar sabulun ruwa ko man shafawa ko zoɓo a gora, su sayar a makaranta da unguwa, suna rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita a littafi. Ƙarshen shekara sai a rushe kamfanin a raba riba, in asara aka yi kowa ya ɗauki rabonsa. Akan gayyato ɗan kasuwa na gaske ya riƙa leƙo su. Wurin da ƴan kamfanin suka fi tuntuɓe shi ne bashi, abokai su sha zoɓo su ce sai gobe, ma'aji ya ji kunyar tambaya, nan ne yaro yake gane me ake nufi da bashi hanji ne.

Ga ƴan firamare an fi amfani da ranar kasuwa da asusun aji da wasan saye da sayarwa.

Tasiri da saɓani

Binciken da aka yi bai zo da amsa ɗaya ba. Wani nazari a Holan da aka buga a 2010 ya gano ƙaramin kamfani bai ƙara wa ɗaliban wata kwaleji ƙwarewa ba, har ma ya rage musu sha'awar buɗe kasuwanci, wani kuma a Suwidin da ya bi ɗalibai shekaru bayan sun gama ya gano sun fi takwarorinsu kafa kamfani. Masu suka suna cewa darasin yana ɗora wa yaro nauyin rashin aikin yi da ya kamata gwamnati ta ɗauka. A Arewa ana kuma taƙaddama kan talla, wasu na ganinta makarantar ciniki, wasu na ganin ita ke hana ƴaƴa mata zuwa aji tana jefa su cikin haɗari.